Jirgin tama na Muritaniya: yadda tarago 200 ke ratsa Sahara zuwa bakin teku

A duk faɗin Muritaniya layin dogo ɗaya ne tak, kuma bai bi ta Nuwakshot babban birnin ƙasar ba, ko kusa da ita ma bai je ba. Ya taso ne daga Zuwerat can arewa cikin Sahara inda ake haƙar tama, wato dutsen da ake narkawa a samu ƙarfe, ya biyo gefen iyakar Yammacin Sahara har ya dire a Nuwadibu bakin tekun Atlantika, kilomita 704, layi guda ba tagwaye ba. Tun 1963 yake aiki. Wanda ya kalli taswira ya ga inda ya fara da inda ya ƙare ba sai an gaya masa don me aka shimfiɗa shi ba, dutse aka yi wa hanya zuwa jirgin ruwa.

Yawancinmu ta bidiyo muka san shi, ka ga bature ya naɗe kai da rawani ya sa tabarau yana zaune kan tulin baƙin garin tama, jirgi ya miƙe har ido ba ya ganin ƙarshensa. To wannan shi ne ɓangaren da ya fi kyau a hoto amma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lamarin. Abin da ya kamata a tsaya a fahimta shi ne jirgin nan ba shi kaɗai yake aiki ba, ramin haƙa da wurin lodi da tarago da kan jirgi da tashar ruwa duk an auna su ne da juna, ɗaya ya tsaya na kwana biyu sauran duk sun zama ƙarfen banza, kuma nan ne ƙasashe da yawa ke faɗuwa idan sun ce za su yi irin wannan.

Mu fara da taragon don shi aka fi rainawa. Jirgi ɗaya yakan ja tarago 200 zuwa 210, tsawonsa ya kai kilomita 2.5 wani lokaci ya doshi 3, kowane tarago na ɗaukar tama har tan 84, idan ka buga lissafi kusan tan 17,000 kenan a tafiya ɗaya ban da nauyin taragon kansu. Tirelar da ke ɗaukar tan 30 sai ka jera sama da 560 kafin su kwashe lodin jirgi ɗaya, ka ga direba 560, taya dubbai, ga kwaltar da za ta farfashe cikin wata kaɗan. Shi taragon tama akwatin ƙarfe ne buɗaɗɗe ba rufi, gajere, kuma da gangan aka gajarta shi. Tama tana da nauyin tsiya, wurin da gawayin kwal zai cika ya ba ka tan ɗaya ita za ta ba ka sama da biyu, saboda haka nauyin da aka yarda tarago ya ɗauka yana cika tun kafin akwati ya yi wani girma. Wa ya yanka iyakar nauyin? Dogon da ke ƙasa. Tarago na da ƙafafun ƙarfe takwas, biyu-biyu a kan sanda huɗu, idan ka haɗa lodi da nauyin akwatin ya haura tan 100, wato kowace sanda tana danna dogo da kusan tan 25 ko fiye, kuma wurin da ƙafa ke taɓa dogo ɗan mitsitsi ne. Ka ƙara lodi ba tare da ka canza dogo da tsakuwar da ke ƙarƙashinsa da gadoji ba, to ka sayi tsagewar ƙarfe da kaucewar jirgi. Shi ya sa a layukan ma'adinai maganar da injiniyoyi suka fi yi ba gudu ba ce, nauyin da kowace sanda za ta ɗauka ne. Faɗin layin na Muritaniya milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna.

Lodi kuma ba da shebur ko katafila ɗaya ake yi ba. A irin waɗannan ma'adinan sai an fasa dutse da nakiya, manyan tifofi su kai shi injin niƙa, bel mai tafiya ya ɗauke shi zuwa rumbu ko tuli, sannan jirgi ya riƙa jan jiki a hankali ta ƙarƙashin mazurari ana zuba wa kowane tarago kasonsa. Kuma dole lodin ya zauna daidai, idan ya karkata gefe ɗaya ko ya taru a kai ɗaya taragon zai riƙa cin dogo ta ɓangare guda har kilomita 700.

Tamar ma ba iri ɗaya ba ce. Wadda aka fara haƙa a dutsen Kediya Ijil, dutse mafi tsawo a ƙasar mai mita 915, mai kyau ce sosai, ƙarfen cikinta ya haura kashi 60 cikin ɗari, niƙawa kawai za ka yi ka loda. Amma ta Gelb el Rhein da aka buɗe a 1984 ƙarfenta bai kai kashi 40 ba, sai an niƙe ta ta zama gari an bi ta da maganaɗisu an ware ƙarfen daga tsakuwar banza kafin ta cancanci hawa jirgi, don ba mai hankalin da zai ƙona dizal ya ja dutsen da ba a saye har bakin teku. Wannan baƙin garin ne kake gani ya turnuƙe fuskar masu hawa.

Sai kan jirgi. Yawanci uku ko huɗu ake haɗawa a gaba, direba ɗaya ke sarrafa su duka daga na farko. Da aka buɗe layin kawunan Faransa na kamfanin Alstom aka fara da su, daga baya aka koma na Amurka na kamfanin EMD masu ƙarfin doki 3,300 kowanne, sannan aka ƙaro samfurin SD70ACS wanda aka ƙera musamman saboda hamada, irinsa ne ke aiki a Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Mutane da yawa sun ɗauka injin dizal ɗin ne ke juya ƙafafu kai tsaye irin na mota, a'a, babu giya babu kuloci. Injin janareta yake juyawa, janareta ta ba da wuta, wutar ta tafi ga injinan lantarki da ke maƙale a ƙafafun, su ne ke juya su. Dalili kuwa injin lantarki yana ba da cikakken ƙarfinsa tun yana tsaye cik, kuma tayar da tan dubu ashirin daga tsaye shi ne aiki mafi wuya a duk tafiyar, babu kulocin da zai jure wannan bai ƙone ba.

Wani abin da ke ba ni mamaki har yanzu shi ne ƙarancin ƙarfin da ake buƙata. Kai uku masu doki 3,300 kusan doki 10,000 kenan, suna jan abin da ya haura tan 20,000 idan an haɗa da taragon, wato kowane tan bai samu ko doki ɗaya cikakke ba, alhali tirela mai doki 400 da ke ɗauke da tan 30 zuwa 40 kowane tan yana cin doki goma ko fiye. Sirrin ƙarfe ne a kan ƙarfe, ƙafar jirgi ba ta lotsawa irin tayar roba, da zarar ta fara mirginawa abin da ke riƙe ta kaɗan ne. Ga kuma taimakon ƙasa, Zuwerat ta fi teku tudu da sama da mita 300, to jirgi mai lodi a jimlace gangara yake yi, wanda ya sauke kaya shi ke hawa. Amma santsin da ya kawo sauƙi shi ne kuma matsala, ƙafa na iya juyawa a wuri ɗaya ba ta kama dogo ba, shi ya sa kowane kan jirgi ke da akwatin yashi da yake fesawa a gaban ƙafa idan ta fara zamewa.

Tsayawa ma wani karatu ne. Birkin iska ake amfani da shi, bututu ɗaya ya ratsa daga kai har tarago na ƙarshe cike da iska mai matsi, idan direba ya rage iskar sai birki ya kama. An yi shi haka ne da hikima, don idan jirgi ya tsinke a tsakiya bututu ya yage iska ta fice, duka ɓangarorin biyu za su tsaya da kansu. Sai dai a jirgi mai kilomita 2.5 saƙon birki yana ɗaukar daƙiƙu kafin ya isa baya, na gaba sun fara tsayawa na baya suna nan tafe da nauyinsu. Ga kuma ɗan sakin da ke tsakanin mahaɗin kowane tarago da na bayansa, ɗan kaɗan ne, amma ka ninka shi sau 200 ya zama mitoci, shi ne wannan ƙarar gwaf-gwaf-gwaf da ke bin jirgi daga kai zuwa wutsiya idan zai tashi ko zai tsaya har ta jefar da wanda ke tsaye a cikin tarago. Direban da ya fizgi jirgi da gaggawa zai iya tsinka mahaɗin ƙarfe, a tsakiyar Sahara, a layi guda da babu ta inda na baya zai kauce. Don haka gudun ba ya wuce kilomita 50 zuwa 60 a awa, tafiyar kan ci awa 16 zuwa 20, kuma an yi wuraren kaucewa jefi-jefi inda jirgi ɗaya zai tsaya ɗaya ya wuce.

Babban abokin gabar layin nan yashi ne. Iska na tura tudun rairayi ya hau dogo, dole a samu ma'aikata da injuna suna sharewa kullum, sababbin kawunan ma da garmar ture yashi a gabansu aka ƙero su. Yashin da ya shiga tsakanin ƙafa da dogo yana goge su duka biyu a hankali, sai an riƙa gyaran ƙafafu a injin sassaƙa ana canza dogo fiye da yadda ake yi a wasu ƙasashe. Injin dizal kuma iska yake shaƙa mai yawan gaske, ƙura ta shiga cikinsa ta gama da shi, shi ya sa matatar iskar waɗannan kawunan ta musamman ce mai kakkaɓe kanta. Ga zafin rana da ke haura digiri 45 ƙarfe ya miƙe, dare ya yi sanyi ya tsuke. Mutanen da ke zaune a ƙananan sansanoni a bakin layin suna wannan aikin ba sa fitowa a bidiyon kowa, amma wallahi su ne jirgin.

Idan an iso Nuwadibu, tashar tamar tana kudu da gari kusa da Kansado, unguwar da aka gina wa ma'aikatan kamfani. Taragon ba shi da ƙofa a ƙasa, to ya ake sauke tan 84? Ana tura shi cikin wani ƙaton keji mai zagaye, a danne shi, a juya shi gaba ɗaya da dogon da yake kai kamar yadda mai awo ke kife tiya, tama ta zube cikin rami, a mayar da shi daidai a turo na gaba. Ƙofa a ƙasan tarago ƙarin nauyi ce da ƙarin abin lalacewa da ɗigar gari a hanya, gara injin kifewa ɗaya a tasha da ƙofofi dubbai suna yawo a hamada. Daga ramin bel zai kwashe zuwa fili, a tara kowane iri daban, na gari daban na tsakuwa daban, don mai saye da ma'aunin da ya yi ciniki a kai yake zuwa. Sai wani inji mai dogon hannu da guga-guga a bakinsa ya riƙa yagar tulin yana ɗora wa wani bel ɗin da zai bi gada ya shiga teku har kan injin da ke zuba wa jirgin ruwa.

Filin tarawar nan shi ne ke haɗa agogo biyu da ba sa tafiya tare. Jirgin ƙasa kullum yake zuwa da tan 17,000, jirgin ruwa kuwa sai lokaci-lokaci amma cikinsa na cin tan 170,000 ko fiye, lodin jirgin ƙasa goma kenan, kuma duk kwanan da ya yi yana jira a bakin tasha akwai tarar da ake biya da dala. A 2023 kamfanin SNIM mai ma'adinan da layin ya sayar da kusan tan miliyan 14, ka raba da kwanakin shekara za ka ga jirgi biyu zuwa uku ne dole su iso kowace rana, ba Juma'a ba sallah. Zurfin ruwa ma yana cikin lissafin, shi ya sa a 2013 aka buɗe sabuwar tasha da za ta karɓi manyan jirage fiye da tsohuwar, saboda Chaina ce babbar mai saye yanzu kuma tafiya mai nisa irin wannan ba ta biya sai da ƙaton jirgi.

Ba Muritaniya kaɗai ke wannan ba. Afirka ta Kudu na da layin Sishen zuwa Saldanha mai kilomita 861, na lantarki, tarago 342 a jirgi ɗaya, kuma a kan siririn layi irin tsohon namu na Legas zuwa Kano. A Ostareliya kamfanin BHP ya taɓa haɗa tarago 682 da kai 8 a 2001, tsawon ya haura kilomita 7. Duk tsarin ɗaya ne, rami, layi, tasha.

Tarihin layin kuwa ba mai daɗi ba ne duka. Kamfanin MIFERMA ne ya gina shi, mafi yawan hannun jarinsa na Faransawa da sauran Turawa, da bashin Bankin Duniya na dala miliyan 66 a 1960, shekarar da ƙasar ta samu 'yanci. Lokacin Yammacin Sahara na hannun Sifaniya, kuma kusa da garin Shum kusurwar iyaka ta tokare hanya, da aka kasa daidaitawa da Sifaniyawa kan ratsa 'yan kilomitoci na fili sai aka fasa dutse aka yi rami mai kusan kilomita 2 don kawai layin ya tsaya a cikin Muritaniya. Yau an daina bin ramin, jirgi na ratsa wancan ɗan yankin kai tsaye. A watan Mayun 1968 ma'aikatan Zuwerat suka yi yajin aiki, sojoji suka buɗe musu wuta aka kashe mutane, abin da ya fusata matasa da ɗalibai ya kuma ƙara ƙarfin kiran a ƙwace kamfanin. Shugaba Mukhtar Uld Dadda ya fice daga kuɗin sefa ya kafa kuɗin ƙasar na ugiya a 1973, ranar 28 ga Nuwamban 1974 kuma ya mayar da MIFERMA mallakar ƙasa, aikin ya koma hannun SNIM wanda har yau gwamnati ke da kusan kashi 78 na jarinsa.

Sai yaƙi ya zo ya nuna raunin ƙasar da ta rataya abincinta a layi ɗaya. Bayan Muritaniya da Maroko sun raba Yammacin Sahara a 1976, mayaƙan Polisario masu neman 'yancin yankin ba su wahalar da kansu da neman babbar runduna ba, jirgin suka sa a gaba, ranar 1 ga Mayun 1977 ma har cikin Zuwerat suka shiga suka kashe Faransawa biyu suka tafi da shida. Faransa ta turo jiragen yaƙi amma kilomita 704 a buɗaɗɗen fili ba ya tsaruwa, tama ta ragu, kuɗi suka ƙafe, a watan Yulin 1978 sojoji suka kifar da Uld Dadda, a 1979 ƙasar ta janye daga yaƙin. Ko ba bindiga ma kasuwa na yin irin wannan, farashin tan ɗaya da ya haura dala 180 a 2011 ya faɗo ƙasa da 40 a ƙarshen 2015, a shekarar ne kuma ma'aikatan SNIM suka yi yajin aikin kusan wata biyu kan albashi.

Duk da haka ba zan ce layin bai amfani talaka ba, zalunci ne a faɗi haka. Bayan gwamnati babu mai ɗaukar ma'aikata a ƙasar kamar SNIM, 'yan ƙasa ne ke tuƙi su ke gyara. Jirgin na kai tankunan ruwa ga ƙauyukan bakin layi, ana maƙala masa taragon fasinja, wanda ba shi da kuɗin tikiti kuma ya hau kan tama ko cikin taragon da ya dawo wayam da awakinsa da buhunansa da kifin Nuwadibu, ga ƙura ga sanyin dare ga haɗarin faɗowa, don ba shi da wata hanyar da ta fi. Abin da ke ci min rai shi ne sama da shekara 60 ana wannan jigila amma har yanzu dutse ne ke fita, can wata ƙasa a narka shi, ƙarfen da aka ƙera dogo da tarago da kan jirgin kansa kuma daga waje ake sayo shi.

A nan ne tunanina ke zuwa kan Itakpe a jihar Kogi, don shi ma layin tama ne tun asali. A 1987 aka fara shi don ya ɗauki tama daga Itakpe zuwa masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da ta Aladja kusa da Warri, kilomita 326, kuma a takarda shirinmu ya ma fi na Muritaniya buri tunda mu narkawa muka ce za mu yi a gida ba fitar da ɗanyen dutse ba. Ba a ƙaddamar da layin gaba ɗaya ba sai a watan Satumban 2020 zamanin Buhari, bayan shekara 33, kuma abin da aka san shi da shi yau fasinja ne, saboda babbar tukunyar narka tama ta Ajaokuta da aka fara aikin masana'antar tun 1979 tare da Rashawa ba a taɓa kunna ta ba. Tamar Itakpe irin ta Gelb el Rhein ce, ƙarfenta wajen kashi 35, dole sai injin tacewa ya yi aiki kullum da wuta tsayayya kafin a samu abin lodawa. Masu cewa to a fitar da ita waje kawai tunda ga layi har Warri su fara tambayar zurfin mashigin Escravos da jiragen ruwa ke bi daga teku zuwa Warri, don jirgin ruwa mai tan 170,000 yana buƙatar ruwa mai zurfin mita 17 zuwa 18, kuma hanyar shiga tashar Warri ba ta kai ko kusa da haka ba.